Yadda na raba ɗiyata da nonon uwarta

Da za a ce in zaɓi abu guda in goge daga cikin abubuwan da na aikata a duniya, ba zan yi dogon tunani ba. Zan goge ranar da na tsaya a ƙofar ɗakin matata da kwalba a hannu, na ce daga yau kada ta sake ba ɗiyarmu nono. Na tsufa, ido ya yi rauni, na manta sunayen mutane da yawa da muka yi zamani tare, amma wannan rana ta ƙi rabuwa da ni. Duk lokacin da na tuna ta, haushin kaina nake ji kamar in kama wuyan saurayin nan da nake a lokacin in girgiza shi. Ban taɓa zaunar da kowa na ba shi labarin nan daga farko har ƙarshe ba, ko 'ya'yana. Na ga gara in rubuto muku tun ina da sauran numfashi.

A lokacin Turawa ne ke mulki, saura 'yan shekaru su tafi. Ni saurayi ne ɗan Wurno, na yi elementare shekara huɗu, na iya karatu da rubutun boko da ɗan lissafi. Turancina bai wuce na gaisuwa da na karɓar umurni ba, amma a unguwarmu wannan ma ilimi ne babba. Sai aka kawo wani Bature mai aikin ruwa, yana binciken yadda za a tare gulbi a yi noman rani, aka ɗauke ni aiki a ƙarƙashinsa. An kafa wani dogon katako a cikin gulbi, an zana masa layuka da lambobi. Aikina kullum da safe da la'asar in hau keke in je in duba inda ruwa ya tsaya, in rubuta a littafi. Iyakar aikin ke nan. Amma ku zo ku ga tafiyata: wandon kaki, fensir a bayan kunne, littafi a hammata, ina gaida manya daga kan keke ba tare da na sauka ba. Mutane suka sa mini suna Malamin Gulbi, wasu don girmamawa, wasu don ba'a, ni kuwa ban iya bambancewa ba. Baturen yana yawan ce mini kada in kawo masa zancen ruwa ya ƙaru ko ruwa ya ragu, in kawo masa lamba. A kan gulbi maganarsa gaskiya ce. Ni ne da wautata na ɗauke ta na shiga da ita cikin gida.

Duk ranar da na kai littafi gidan Baturen, nakan hango matarsa a baranda da jaririnta. Yaro ne jajir, kumatu kamar za su fashe, tana ba shi madara a wata kwalba mai kan roba, irin wadda yanzu ake kira bulumboti. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jikin kwalbar akwai layuka da lambobi, sak irin na katakona. Takan ɗaga ta ta duba, ta san abin da yaro ya sha da abin da ya rage. Na ce a raina ashe haka wayayyun mutane ke renon 'ya'ya, mu muna nan muna ta lalube. Ban tambayi kowa dalilin da ya sa take yin haka ba. Daga nesa na gani, daga nesa na yanke hukunci.

Matata 'yar wani ƙauye ce a gefen Goronyo, yarinya mai haƙuri, ba ta da yawan magana, amma in ta yi magana ɗaya takan zauna daram. Da cikinta na fari ya tsufa ta tafi gida goyon ciki kamar yadda aka saba, ta haifi mace, ta yi wankan jego a hannun uwarta. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka dawo mini da su, ana tsakiyar zafin bazara. Yarinya ta zo ɓul-ɓul, wuya duk ninki, in ka ɗauke ta sai ka ji nauyi a hannu. Matsala ɗaya ce: da la'asar ta yi sai ta kama kuka, ta yi ta yi har magariba. Yanzu na san jarirai da yawa suna yin haka, kuma yana wucewa da kansa. A lokacin mahaifiyata ta rasu, gidanmu yana hannun goggona, ƙanwar babana, tsohuwa mai faɗa wadda ba a musu da ita. Goggo ta saurari kukan nan kwana uku, ta ce ita fa kunnenta ya san kukan yunwa, nonon yarinyar nan akwai magana. Ta sa matata ta tatsa a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa a ciki. A cewarta in nono mai kyau ne tururuwa za ta yi iyo ta fita, in mugu ne za ta mutu. Tururuwa ta yi 'yan wutsil-wutsil ta nutse. Goggo ta tafa hannu ta yi salati, ta ce ai ga shi nan, dama ita tun da ta ga idon yarinyar ta sani. Ta ce a dakatar da nono, a nemo akuya mai shayarwa, ita kuma uwar a haɗa mata saiwoyi.

Ku ji inda haushin yake. Ni na san gwajin Goggo shirme ne. Na faɗa mata a gaban kowa cewa ko a ruwan randa ka jefa tururuwa tana iya nutsewa, kuma tururuwa ba likita ba ce. Da na tsaya a nan, da na yi wa matata da ɗiyata babban alheri. Amma ina! Sai na ce ni zan yi nawa gwajin irin na masu ilimi. Na samo madarar gwangwani, na zuba a kofin gilashi, na sa matata ta tatsa nata a wani kofin, na jera su a rana ina dubawa kamar wani babban masani. Na gwangwani fari fat, mai kauri. Nata kuwa tsararo, har da ɗan shuɗi-shuɗi. Na ce to, tururuwa dai ba ta san komai ba, amma ido ya gani, wannan rabinsa ruwa ne. Shekaru da yawa bayan haka wata malamar asibiti ta bayyana mini cewa haka Allah ya tsara shi: na farkon da ke fitowa tsararo ne don ya kashe wa yaro ƙishirwa, mai kaurin yana biyowa in ya ci gaba da tsotso. Wato ni da Goggo, wadda nake yi wa kallon jahila, hanya biyu muka bi muka haɗu a rami guda.

Matata ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta ce mini yarinya tana fitsari sosai, tana barci, tana ƙara nauyi, ita da ke goya ta a baya ta fi kowa sani. Ta ce nononta yakan cika ya yi nauyi, in yarinya ta sha sai ya yi laushi, to ina yake tafiya in ba cikinta ba? Na ce duk na ji, amma ta faɗa mini nawa take sha a wuni. Ta ce ba ta gane ba. Na ce lamba nake so, nawa? Ta dube ni ta ce, “Malam, kai innarka da mi ta aune ka, har ka kai ga hawan keke?” Maimakon in yi dariya in gane gaskiya, sai na ji an taɓa mini girma. Kuma akwai abin da ya ɗaure mata baki wanda ni na amfana da shi. Yarinyar 'yar fari ce, al'ada ta hana uwa ta nuna damuwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, balle ta tsaya a tsakar gida tana jayayya da miji da goggon miji a kanta. In ta yi haka a ce ba ta da kunya. Ta haɗiye, ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin ta yarda.

Akwai kuma wani dalili da ban taɓa furtawa ba, amma tun da na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗe ta duka. A zamaninmu muddin mace tana shayarwa miji ba ya kusantar ɗakinta, wani lokaci har shekara biyu. Ni kuwa yaro ne, aurenmu bai daɗe ba, shekara biyu ta yi mini nisa. Ban taɓa zama na ce wa kaina saboda haka nake yi ba, amma yana nan a ƙasan zuciyata, yana tura ni. Duk surutun lamba da awo da nake yi, wannan son rai yana laɓe a bayansa. Allah ya yafe mini.

Na hau motar kasuwa ta Achida na shiga Sakkwato, na je kanti na nuna kwalba da hannu, na nuna gwangwanaye. Akwai iri-iri a jere, rubutun jikinsu kuma ya fi ƙarfin Turancina, amma girman kai ya hana ni tambaya. Na zaɓi wadda na taɓa ɗanɗanawa, mai kauri da zaƙi, na ce wannan da gani ta fi ƙarfi. Na dawo Wurno kamar wanda ya ci yaƙi. A ranar ne na tsaya a ƙofar ɗaki na kafa dokata. Na koya wa matata ta zuba cokali kaza, ta cika da ruwan tulu har layi kaza, sau kaza a wuni. Ban ce a tafasa ruwa ba, don ban san ana tafasawa ba. Ban ce a dafa kwalba ba, ɗauraya kawai ake yi, kan robar nan kuwa in an ajiye shi sai ƙudaje su rufe shi baƙi ƙirin. In yarinya ta rage, sai in ce a ajiye mata, da zafin nan kafin azahar ta yi tsami. Har wani ɗan littafi na ware ina rubuta abin da ta sha. Goggo ta yi ta mita cewa akuya ta fi, amma da yake dai an bar nonon da ta yanke wa hukunci, sai ta ƙyale ni.

Makonnin farko yarinya ba ta rame ba, sai na ƙara kumbura. Ina tare abokai a bakin masallaci ina ba su labarin renon zamani. Ashe ba kwalbata ce ke riƙe da ita ba. Da na hau keke na tafi gulbi, sai matata ta ja labule ta ba ta nono a ɓoye, safe da la'asar. Ranar da Goggo ta kama ta, gidan kamar zai tashi. Ta ce ga ta tana shayar da jikarta guba, ni kuma na ce tana ɓata mini lissafi. Ku ji fa, lissafi! Goggo ta jiƙa maɗaci ta shafa mata a nono kamar yadda ake yi wa yaron da za a yaye, ni ina tsaye a waje na amince. Yarinya ta kama ta saki, ta kama ta saki, ta tsala ihu. Kwanakin da suka biyo baya matata ta sha azaba. Nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ta, zaninta kullum a jiƙe, ko hannu ba ta iya ɗagawa ta yi daka. Ga abinci yana zuba a banza, ga mai shi tana kuka a gefe, ga ni a tsakani da kwalba. Bayan kwana goma sha wani abu, nonon ya fara ja da baya, har ya ƙafe.

Daga nan yarinya ta fara lalacewa. Zawo ya kama ta, ya tsaya kwana biyu ya dawo. Ninkin wuyan nan ya tafi. Goggo ta ce haƙora ne, ta ɗura mata jiƙo. Ni na duba littafina na ce ai tana shan abin da ya kamata, ba dai yunwa ba. Sai damina ta kankama, marka ta sauka, hanya ta yanke, mota ta daina zuwa. Gwangwanayena suka ƙare saura ɗaya. A nan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina. Na rage cokalin madara, na ƙara ruwa, don dai ya kai layin da na saba. In na ɗaga kwalba na ga ta cika har lamba, sai hankalina ya kwanta in rubuta a littafi. Ni da aikina kullum shi ne duba ruwa a jikin layi, ban gane cewa ruwa kawai nake aunawa ba. Abin da na zargi nonon matata da shi, cewa rabinsa ruwa ne, shi na yi da hannuna, har na zarce. Yarinya ta koma fata da ƙashi, maɗigarta ta faɗa, ido ya zurma, kukan ma ya zama wani ɗan siririn sauti kamar na mage. Matata ta daina yi mini magana sai abin da ya zama dole. Tana zaune da ita a cinya, ba halin ta yi kuka a gani.

Ranar da gwangwanin ƙarshe ya ƙare na rasa yadda zan yi, na nufi gidan Baturen da hantsi, na zagaya ta baya wurin kukunsa. Kukun dattijo ne mutumin Dinawa, ya daɗe yana aiki da Turawa, bakinsa ba ya ɓoye magana. Na nuna masa gwangwanin na roƙe shi ya taimaka mini da irinsa ko guda, na ɗiyata ne. Ya karɓa ya juya shi, ya dube ni, ya ce, “Malamin Gulbi, mi kaka ba jinjira? Wanga ai na shayi na!” Ya tambaye ni uwar ta rasu ne, na ce tana nan. Ya ce ba ta da lafiya ne, na ce lafiyarta lau. Ya ce to nonon ne babu, na ce akwai, ni na hana. Dattijon nan ya ajiye wuƙar da ke hannunsa ya yi salati ya fi sau uku. Ya ja ni cikin kicin ya nuna mini tukunyar da ba a dafa komai a cikinta sai kwalaben yaron, ya nuna mini ruwan da ake tacewa a tafasa a rufe, ya nuna mini gwangwanin madarar jarirai, wanda ko kama da nawa bai yi ba. Ya ce shi da wannan aikin yake wuni, kuma duk da haka yaron ya sha yin zawo. Sannan ya faɗa mini abin da ban sani ba. Matar Baturen ciwo ta yi a nono bayan haihuwa, likita ya hana ta shayarwa, ta yi kuka har ta gode Allah. In ta ga matanmu sun zo sayar da ƙwai da goyo suna ba da nono, sai ta bi su da kallo. Ya ce abin da ita take yi don dole tana baƙin ciki, shi ni na je na kwaso don burga. Ya ce in hau kekena in tafi in mayar da yarinya ga uwarta tun kafin in haƙa mata kabari, kuma kada in sake gaishe shi sai na yi.

Na taka keke cikin taɓo kamar mahaukaci. Da na isa gida na tarar da baƙi. Ashe matata ta aika saƙo gida ta bakin wata mai tallan nono, uwarta ta taso tun asuba, ta ƙetare gulbi a kwalekwale da ruwa cike, tare da yayar matata wadda ke goyon ɗa ɗan wata biyar. Surukata mace ce mai kunya, tun da na auri ɗiyarta ba mu taɓa haɗa ido ba. Ranar ma ba ta dube ni ba. Ta juya mini baya, ta fuskanci zana, tana magana kamar da wani take yi. Ta ce a tambayar mata Malamin Gulbi, shi da ya iya awo, ko ya auna ya ga abin da ya rage na yarinyar da ta damƙa masa. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta shayar da tara, ba ta taɓa tambayar tururuwa ko gilashi ba. Goggo ta buɗe baki za ta yi magana, surukata ta ce Yaya ki yi haƙuri, yau ba ranarki ba ce. Ban taɓa ganin an rufe bakin Goggo ba sai ranar.

Na ce daga bakin ƙofa a mayar da ita ga nono, na janye maganata. Sai surukata ta ce wane nonon? Wata uku da ƙafewa. Ta ce da haka kawai ne da sai a yi ta sa yarinya tana tsotso, a yi ta ba uwar kunu, sau da yawa yakan dawo. Amma ita da ta dubi ɗiyarta ta ga abin da mu ba mu gani ba: ciki ne da ita, ga jiki duk ya zube, ita kanta abin a yi jinya ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don kowa a gidan ya san abin da wannan ke nufi, kuma ya san laifin wa. Sai yayar matata ta matso. Ta sauke ɗanta ta miƙa wa uwarta, ta ɗauki tawa ta sa a ƙirji. Yarinya ba ta da ƙarfin kamawa. Sai ta riƙa tatsawa tana ɗiga mata a baki, ɗigo ɗigo, tun daga azahar har la'asar sakaliya. Ina zaune a zaure ina jin tsoron a kira ni. Can sai na ji surukata ta ce alhamdu lillahi, ta kama. Washegari na ɗauke su a kan jakuna muka je wurin malamin asibiti a Rabah, ya duba ta ya ba da magani, ya ce maganin gaske shi ne wanda ta fara sha jiya, kada a kuskura a yanke. Ya tambayi wanda ya ba da shawarar kwalba. Na ce ni ne. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

Yayar matata tana da mijinta da gonarta, ba za ta zauna mana a Wurno ba. Dole aka tafi da yarinya ƙauyensu. Matata ta raka su har bakin gulbi, ta tsaya har kwalekwale ya ƙetare, ta dawo ta shiga ɗaki. Yarinya ta rayu. Cikin wata biyu ta murmure, zawo ya tsaya, aka aiko mana cewa har tana ture ɗan'uwanta a kan nono. Ita kuwa matata cikin nan ya wahalar da ita ƙwarai, don jiki bai huta ba. Ƙafafu suka kumbura, jini ya yi ƙaranci, ta haifi namiji ɗan ƙarami, ta yi watanni tana jinya. Amma tun ranar da ya faɗo ta sa shi a nono, ba ta nemi izinin kowa ba, ni da Goggo kuwa ba wanda ya yi tari. Shi da sauran huɗun da suka biyo baya kowanne ya sha kusan shekara biyu. Ba wanda ya yi irin ciwon yayarsu, ita ma uwar tana samun hutu tsakanin haihuwa, jikinta ya dawo.

Da aka yaye yarinyar muka je ɗauko ta. Tana ganin matata ta miƙa hannu sai ta ƙanƙame yayar matata, ta yi ta ihu har ta shiɗe. Muka bari ta ƙara wayo, muka koma, haka aka sake yi. A karo na uku muka kawo ta Wurno da ƙarfi, ta ƙi ci ta ƙi sha kwana biyu, matata da kanta ta ce a mayar da ita. Mutane suka ɗauka riƙo ne irin wanda aka saba yi da ɗan fari, ba wanda ya ga abin mamaki. Mu na cikin gida kawai muka san ba kyauta muka yi ba. Ta girma a can tana kiran yayar Inna, uwar da ta haife ta kuwa tana ce mata Inna ta Wurno. In matata ta je da tsaraba, sai ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi kamar baƙuwa, ta koma gefen waccan ta zauna. Ranar aurenta a jikin waccan ta yi kuka. Matata ba ta taɓa yi mini gori ba a duk zamanmu. Sai a ciwonta na ajali, ranar da yarinyar, wadda a lokacin ita ma ta yi jikoki, ta zo dubiya ta koma. Matata ta bi ƙofa da kallo, ta ce, “Malam, da ka bar mini ita.”

Abin da ke ƙara tayar mini da hankali shi ne har yanzu ina jin irin maganata a bakin samari. Yaro ya yi kuka kwana biyu, sai miji ko kaka su ce nono ba ya isarsa, a sayo gwangwani, a ɗura ruwa, a ɗura jiƙo. Wani ma don a ga yana da hali yake yi. Ni da na bi hanyar nan har ƙarshenta ina gaya muku, abincin da ba ya son tafasawa, ƙuda ba ya hawansa, ba ya tsami, hanya ba ta yanke masa, kuma yawan shansa ke ƙara shi, ba a kanti ake samunsa ba. In uwa ta rasu ko ciwo ya hana ta, wannan lalura ce, a je asibiti a nemi shawarar waɗanda suka sani, a bi abin da suka ce sau da ƙafa. In kuwa tana nan da lafiyarta, aikin miji shi ne ya ciyar da ita ta ƙoshi, ya rage mata wahala, ya tsare ta daga surutun mutane, sannan ya kama bakinsa. Ina roƙon duk magidancin da ya karanta wannan, da duk kakar da aka karanta wa, don girman Allah in mai jego ta ce muku ɗanta yana ƙoshi, ku yarda da ita. Kada ku shiga tsakanin uwa da abin da ta haifa. Ku yi wa matata addu'a, ni kuma ku roƙa mini gafara.